SAƘAR HANCIN IGIYAR WAYA DA HANNU

Bayani ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan takarda domin hakimai, Allah ya ja zamaninsu, da malaman da ke riƙe musu littattafai. Ba a nufin hakimi ya ɗauki guduma ya shiga saƙar waya da kansa, wannan aikin masu sana'a ne. Amma da wuya a sami gundumar da ba a aiki da igiyar waya a cikinta. Da ita a ke saukar da zoben siminti cikin sabuwar rijiya, da ita injin haƙar burtsatse ke ɗaga bututu, da ita motar janwe ke fid da babbar mota daga rami, a waɗansu mashigai kuma da ita a ke riƙe jirgin fito kada ruwa ya tafi da shi. Tun gyaran mulki na 1976 yawancin irin waɗannan ayyuka suna hannun ƙananan hukumomi da 'yan kwangila. Duk da haka kowa ya sani ɗan kwangila ba ya sa diga a ƙasa sai ya zo gaisuwa ƙofar hakimi, in kuwa igiya ta kuɓuce da mutum a ƙarƙashi, nan ƙofar za a fara kawo kuka. Saboda haka ya kamata hakimi ya iya duban bakin igiya ya gane ko aikin kirki ne ko na ha'inci.

Asalin igiyar da ƙirarta

Wani Bajamushe ne mai suna Wilhelm Albert, babban ma'aikaci a ramukan haƙar ma'adini na Clausthal cikin duwatsun Harz, ya fara tufka igiyar ƙarfe da ta yi aiki sosai, a shekarar 1834. Abin da ya dame shi shi ne sarƙar da a ke jawo kaya da ita daga rami ta kan karye ba sallama, zobe ɗaya ya ɓalle, kome da kome ya faɗa. Igiyar zare kuwa laima ta kan ruɓar da ita. Sai ya ɗauki waya goma sha biyu, ya tufka huɗu huɗu, sa'an nan ya tufka ukun nan wuri ɗaya. Amfanin dabararsa har yau shi ne wannan: wayoyin ba su karyewa gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya su ke karyewa, mai ido kuwa zai gani tun da sauran lokaci.

Igiyar da aka fi gani a wuraren aiki tana da kashi uku. Akwai sili, watau waya guda siririya. A kan tufka sili da yawa su zama abin da za mu kira jijiya a cikin wannan takarda. Sa'an nan a tufka jijiya shida kewaye da abin da ke tsakiya, wanda za mu kira ɓargo. Ɓargon nan wani na zare ne jiƙe da mai, wani kuma na ƙarfe. In kun ga an rubuta 6 x 19 a takardar sayen igiya, ma'anarsa jijiya 6, kowace da sili 19 ko kusa da haka, watau sili 114 ke nan. Mai 6 x 36 silinta sun fi ƙanana, ta fi laushi, ta fi daɗin saƙa, amma ta fi saurin cinyewa in tana gugar dutse ko yashi.

Duk wanda ya taɓa ganin tufkar igiyar rama ko ta kaba ya riga ya san rabin karatun. Tufka tana da hannu, ko dama ko hagu, kuma in aka juya igiya saɓanin hannunta sai ta warware. A riƙe wannan, domin a kansa sauran bayanin ya dogara.

Abin da ya sa ba a ƙulla ta

Igiya ba ta da amfani sai an yi mata hanci, watau kewayen nan na bakinta inda a ke rataya ƙugiya. A nan ne kuma yawancin ɓarna ke faruwa. Mutumin da ya saba da igiyar guga, in aka ba shi ta waya, abin da zai fara yi shi ne ƙulli. Ƙarfe kuwa ba ya son lanƙwasa mai tsanani. Ƙulli ya kan cinye wajen rabin ƙarfin igiyar, kuma wurin da aka ƙulla ya lalace ke nan ko da an kwance. Ƙulli a igiyar waya da ke ɗaga kaya bisa kan mutane ya isa dalilin tsai da aiki nan take, ba sai an jira injiniya ba.

Hanyoyin kirki guda uku ne aka fi sani. Akwai matsi na inji, inda a ke zura bakin igiya cikin wani bututun ƙarfe, inji ya matse shi da ƙarfin gaske. Wannan ya fi duka, ya kan riƙe kashi 90 cikin 100 na ƙarfin igiya ko fiye, amma sai a manyan garuruwa a ke samun injin. Akwai kilif mai noti, wanda za mu yi maganarsa a gaba. Sa'an nan akwai saƙar hannu, wadda ba ta bukatar wuta ko inji, sai gwani da kayan aiki kaɗan. Saƙar hannu mai kyau ta kan riƙe tsakanin kashi 70 da 90 cikin 100, siririyar igiya ta fi kusa da 90, mai kauri kuwa ta fi kusa da 70.

Yadda a ke saƙar

Kayan aikin su ne tsinken ƙarfe mai tsini kamar babbar basilla, da gudumar itace, da kurfi ko almakashin yanka waya, da waya mai laushi ta ɗauri, da abin matse ƙarfe da a ke kafawa bisa tebur. Akwai kuma zoben ƙarfe mai kwari a bayansa, mai siffar ƙwai, wanda a ke sawa cikin hanci domin kada ƙugiya ta ci igiyar. Lalle mai aiki ya sa safar hannu ta fata da tabarau, domin jijiya in ta kuɓuce ta kan yi bulala, kuma ido ta ke nema.

Da fari a kan auna daga bakin igiya, a igiya mai kaurin rabin inci kamar ƙafa biyu, a ɗaure wurin tam da waya mai laushi domin kada warwara ta wuce nan. Sai a lanƙwasa igiyar kewaye da zoben, a matse su tare, har wurin ɗaurin nan ya zo daidai wuyan zobe. Sa'an nan a warware jijiyoyi shida na guntun bakin, a ɗaure kan kowace kada silinta su watse. Yanzu ga jijiyoyi shida a sake kamar yatsu, ga kuma uwar igiya a gefensu, wadda za a saƙa su a cikinta.

Mai saƙa ya kan soka tsinke ƙarƙashin jijiya ɗaya ta uwar igiya, ya murɗa ya buɗe ƙofa, ya zura sakakkiyar jijiya ta wuce, ya zare tsinke, ƙofar ta rufe a kanta. Wannan shi ne suka ɗaya. In kowace cikin shidan ta sami suka ɗaya, an yi zagaye ɗaya ke nan. Sai ya kula kada tsinken ya huda ɓargo ko ya raba silin jijiya.

Zagayen farko shi ne mai wuya, domin a nan ne kowace jijiya ke samun mazauninta, kuma gwanaye sun sha bamban a kan wadda za ta fara shiga da inda za ta fito. Wannan ba a koyonsa a takarda, sai a gaban gwani, da hannu. Daga zagaye na biyu abin ya daidaita: kowace jijiya ta hau bisa ɗaya, ta shiga ƙarƙashin ta gaba, tana tafiya saɓanin hannun tufka. A ja ta sosai bayan kowace suka.

A kan yi zagaye uku da cikakkiyar jijiya. Sa'an nan a yanke rabin silin kowace jijiya, a yi zagaye biyu da rabin da ya rage. Jimla biyar ke nan. Wannan ƙa'ida ba ra'ayin wani ba ce. An rubuta ta cikin dokar aikin tashoshin jiragen ruwa ta Ingila ta 1934, wadda ta ce zagaye uku cikakku, biyu da rabi, kuma duka saɓanin tufka. An sauya wannan doka da wata a 1988, amma ƙa'idar zagaye biyar ita a ke koya wa masu saƙa har yanzu. Dalilin rage silin kuwa shi ne domin saƙar ta sirance sannu sannu ta koma kaurin igiya. In ta ƙare kwatsam da kauri, daidai wannan gaɓa igiya za ta riƙa lanƙwasa kullum, a nan kuma sili za su fara karyewa.

Bayan an gama a kan bubbuga saƙar da gudumar itace, daga wuyan zobe zuwa ƙasa, har kowace jijiya ta kwanta. Sai a yanke ragowar sili, a naɗe wurin da waya mai laushi ko zare mai ƙarfi domin kada tsini ya yanki hannun ma'aikata. Shawararmu a nan ita ce kada a yarda a naɗe sai mai duba aiki ya gani, ya ƙirga. Naɗi mai kyau ya sha rufe saƙa mai zagaye biyu.

Me ke riƙe saƙar, tun da ba ƙulli ba walda? Matsi ne kawai. Sa'ad da aka rataya kaya, jijiyoyin uwar igiya su kan miƙe su matsu, su danne waɗanda aka cusa a tsakaninsu. Iyakar nauyin kaya, iyakar matsi. Amma fa wannan yana nan ne muddin tufkar igiya tana a rufe.

Saƙar da ke bin hannun tufka

Akwai wata saƙa da Turawa ke kira da sunan birnin Libaful. A cikinta kowace sakakkiyar jijiya ta kan naɗe jijiya guda ta uwar igiya, ta yi ta kewaya ta ita kaɗai, tana bin hannun tufka. Ta fi saurin yi, ta fi kyan gani, sumul kamar kitson gwana, don haka masu gaggawa ke sonta. A inda igiya ba ta juyawa, kamar wadda ke riƙe da turke, tana iya zama lafiya.

To, a dubi abin da ke faruwa a rijiya. Kaya yana rataye da igiya guda, ba abin da ya tokare shi. Nauyi ya kan sa igiya ta nemi warware tufkarta, sai kayan ya shiga juyawa. Kowa ya ga guga tana yin haka. Da igiyar ta juya, jijiyoyinta su buɗe, matsin nan da ke riƙe da saƙa ya saki, sai jijiyoyin da aka naɗa su zare kamar an zare zariya daga wando. Ba sili ɗaya da zai karye balle a ga alama. An yi tufka an yi warwara, kuma mahaƙi yana ƙasa ba shi da wurin gudu. Saboda wannan ne dokar da muka ambata ta ce lalle a saɓa wa tufka, domin jijiyar da ta gitta ta kan sarƙe, ba ta zarewa da sauƙi.

Gane su ba wuya. Saƙar da ta saɓa wa tufka tana da gitte-gitte kamar saƙar tabarma. Wadda ta bi tufka kuwa layukanta duk sun kwanta gefe guda, kamar igiyar ce ta yi ƙiba kawai.

Ko mai gitte-gitten ma ba a so a bar ta tana juyawa. A ɗaura wa kayan wata 'yar igiya, mutum ya riƙe daga gefe ya hana shi juyi. Sa'an nan a fid da kowa daga rijiya kafin a saukar da zoben siminti. Inda kuwa mutum ne za a saukar, in da hali a nemi hanci na matsin inji, kuma a ɗaura masa igiya ta biyu dabam a jikinsa.

Akwai kuma wata dabara da direbobi da masu janwe suka sani, a raba igiya biyu, jijiya uku nan uku can, a mai da su su tufku da juna su yi hanci cikin minti kaɗan. In aka rufe bakin da bututun matsi, wannan hanci ne na ƙwarai. In aka bar shi haka nan, na fid da mota daga laka ne kawai, kada a ɗaga kome da shi.

Kilif

Inda ba gwanin saƙa, kilif ya fi saƙar ɗan koyo. Kilif ƙarfe ne lanƙwasasshe mai ƙafa biyu, da wani faffaɗan gindi mai kwari, da noti biyu. In an ɗaura daidai ya kan riƙe wajen kashi 80 cikin 100. Kuskuren da aka fi yi shi ne juya shi. Faffaɗan gindin shi ke zama a kan doguwar igiya mai ɗaukar nauyi, lanƙwasasshen ƙarfen kuwa a kan guntun bakin. In aka juya, ƙarfen zai murƙushe igiyar da ke aiki. Duka su fuskanci gefe guda. Igiya mai rabin inci tana bukatar kilif uku a ƙalla, tsakaninsu kamar kaurin igiyar sau shida, kuma a sake ɗaure notin bayan an ɗaga kayan farko, domin igiya ta kan sirance kaɗan in ta ji nauyi.

Haɗa igiya biyu

Duk abin da muka faɗa na hanci ne. Haɗa igiya biyu su zama ɗaya wani ilmi ne dabam. A motocin da ke tafiya rataye da igiya bisa duwatsu, irin waɗanda aka kafa a Obudu ta Jihar Kuros Riba a 2005, igiyar zobe guda ce mai zagayawa, kuma da hannu a ke haɗa bakinta. A kan warware jijiya daga wannan gefe a kwantar da ta wancan a gurbinta, a cire ɓargo a tura bakin jijiya a madadinsa, har ba a gane mahaɗin da ido. Ƙa'idar Turai ta ce tsawon irin wannan haɗi kada ya gaza kaurin igiya sau 1,200, watau igiya mai milimita 40 haɗinta mita 48 ne. Mun kawo wannan ne domin in wani ya ce zai haɗa tsinkakkiyar igiyar ɗaga kaya da saƙa mai tsawon kamu ɗaya, a san abin da za a ce masa. Igiyar ɗaga kaya in ta tsinke a tsakiya, sabuwa a ke saye.

Lissafin nauyi

Wannan sashe na malamai ne musamman. Sabuwar igiya 6 x 19 mai ɓargon zare, mai kaurin milimita 12, ta kan tsinke a wajen ton 8. Ainihin adadin yana cikin takardar shaida ta masu ƙera ta, a nemi ɗan kwangila ya nuna. A cire abin da saƙa ta ci, a ce saura kashi 80 cikin 100, ya zama ton 6.4. Sa'an nan a raba wannan gida biyar, domin ƙa'idar ɗaga kaya ita ce kada a ɗora wa igiya fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da zai tsinka ta. Abin da ya rage bai kai ton 1.3 ba, kamar buhun siminti 25. Mai aiki zai ce igiyar nan ta ton takwas ce, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗi duka ba. Ragowar an bar ta ne saboda fizga, da tsatsa, da tsufa. Kaya in ya zame ya tsaya kwatsam, nauyin da igiya ke ji ya kan ninka.

Abin da za a duba, da abin da za a rubuta

Dokar masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta ce a riƙa duba sarƙoƙi da igiyoyi da sauran kayan ɗaga kaya sosai a ƙalla sau ɗaya cikin wata shida. Ko a wurin da hannun dokar bai kai ba, wannan ma'auni ne mai kyau, kuma mai aiki ya kamata ya duba tasa kowace safiya.

A fara da hanci. Da zobe a ciki ko babu? Zoben ya zauna daram, ko yana girgiɗi? In yana girgiɗi, ko kuwa bakin wata jijiya ya ja baya daga inda ya ke, saƙar ta fara zamewa. Sa'an nan a bi igiyar da tsumma a hannu, a hankali, domin karyayyen sili zai kama tsumman. Kada a yi da tafin hannu. Tsohuwar dokar Ingila ta 1934 ta ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa: a auna tsawon da ya kai kaurin igiya sau takwas, in karyayyun sili da a ke gani a ciki sun wuce kashi 10 cikin 100 na dukan silin, a jingine igiyar. A igiya mai milimita 12 da sili 114, wannan tsawo kamar santimita 10 ne, sili 12 sun wuce iyaka. A ganinmu wannan iyaka ta ƙarshe ce, ba a jira a kai ta. Karyayyun sili ko biyu ne a wuyan saƙa, ko waɗanda suka taru a jijiya guda, sun isa a yanke a sake hanci.

Sauran alamun su ne wurin da ya lanƙwashe ya ƙi miƙewa, da wurin da jijiyoyi suka buɗe kamar kejin tsuntsu, da wurin da ya sirance fiye da sauran, wanda ke nuna ɓargo ya mutu a ciki. Jan gari da ke fitowa daga tsakanin jijiyoyi tsatsa ce ta ciki, ta fi ta waje haɗari. Igiyar da wuta ko walda ta taɓa ta tashi daga aiki. Igiyar jirgin fito da ta rijiya su suka fi bukatar mai, a goge su da burushin waya a shafa, musamman kafin damina.

Malami ya buɗe shafi guda a littafinsa ga kowace igiya da ke aikin jama'a a gunduma. Ya rubuta wurin aikin, da mai igiyar, da kaurinta, da ranar da aka fara aiki da ita, da sunan wanda ya saƙa hancin, da adadin zagayen da aka ƙirga kafin naɗi, da nauyin da aka yarda ta ɗauka. Duk ranar da aka duba a rubuta, da sunan wanda ya duba da abin da ya gani. In an ga aibi, hakimi ya sanar da sashen ayyuka na ƙaramar hukuma a rubuce, a ajiye kwafe. Sanin cewa za a rubuta sunansa ya kan sa mai saƙa ya cika zagayensa biyar.

Igiyar da aka jingine kuwa kada a bar ta a naɗe a gefen wurin aiki, domin ba ta kwana biyu wani zai ɗauka, ko ta ɓulla a kasuwa an shafe ta da baƙin mai kamar sabuwa. A sa a yanka ta gunduwa gunduwa da kurfi, kowace kada ta wuce mita ɗaya, a gaban dagaci ko wakilinsa, malami ya rubuta ranar a ƙasan shafinta ya ja layi.